Kan yumɓu, fentin mai, da ƙurar hunturu

Duk ɗan Haɗeja ya san yumɓun fadama, na tukunya da randa da tulu. Da shi ƙanena, mai karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya gina kan wani tsohon masunci, daga ƙirji zuwa sama, aka gasa tare da tukwane. Sashensu a Zariya ba baya ba ne. Can su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Ƙanena ya ce, "Yaya, ke za ki yi masa launi."

Gasasshen yumɓu yana da ƙishirwa. In ka shafa fentin mai kai tsaye, sai ya shanye man, launin ya mutu. Dole a fara shafa masa abin da zai toshe ƙofofinsa, a bari ya bushe. Shafin fenti na farko a tsinka shi sosai, mai maiƙo ya biyo baya, in ba haka ba saman ya tsattsage.

Inda na fi daɗewa shi ne fata. Muna cewa baƙin mutum, amma baƙin fenti bai ba ni fuskar kowa ba. Sai da na je bakin kogi na ƙura wa masunta ido: goshi da karan hanci suna ɗaukar shuɗin sama, kumatu na da ja-ja irin na jar ƙasa, ƙasan haɓa kuwa duhu ne mai ɗumi. Kuma tunda kan yana da tudu da kwari, yana yin inuwarsa da kansa. Ka ƙara masa taka da yawa, tsoho ya koma dodo.

Fentin mai ba ya bushewa yau. Kwanaki yake ɗauka, ga hunturu ya sako ƙura, duk abin da ya sauka ya zauna ke nan. Kwali muke kifa masa.

Maganar gunki kuwa ta taso, ba zan ɓoye ba. Hajiyarmu ta ce mutum-mutumi ba zai kwana mata a ɗaki ba, kuma malamai suna da hujjarsu. Ƙanena ya kawo zancen kawunan Nok na Jihar Kaduna, masu shekara fiye da 2,000. Ta ce su ma ai ba a ɗakinta suke ba. Yanzu ƙanena ya ajiye tsohon a shagon wani abokinsa, zai koma Zariya da shi in an buɗe makaranta.