Abin da ba ya hawa sikelin alƙalai

A shekarar 1975 kamfanin 3M da ke jihar Minnesota a Amurka ya fito da wani shiri mai laƙabin 3P, wanda ma'anarsa ita ce hana gurɓata muhalli riba ne. Injiniya Joseph Ling, wanda ya jagoranci shirin, ya lura cewa masana'antu na zuba kuɗi wajen tace hayaƙi da dagwalo bayan sun riga sun samar da su, alhali tacewar sau da yawa ba ta kawar da guba, sai dai ta sauya mata mazauni. Abin da aka kama daga iska ya zama laka, lakar kuma a binne ta a ƙasa. Don haka ya ce a koma tushe, a gyara yadda ake haɗa kayan tun farko.

Ma'aikacin da ya ƙirƙiro dabara yakan miƙa ta ga wani kwamiti, kwamitin ya auna ta kafin a ba shi lambar yabo. Ana duba ko ta rage gurɓata tun daga tushe, ko ta rage cin makamashi ko ɓarnar kayan aiki, da kuma ko ta rage wa kamfanin kashe kuɗi. Misalin da aka fi kawowa shi ne na wasu ƙwayoyin magani da ake lulluɓewa da sinadari mai tashi a iska. Da aka koma lulluɓi na ruwa, sai buƙatar sayen na'urar tace hayaƙin ta kau gaba ɗaya. Akwai kuma wata tsantseni da ta cancanci yabo: amfanin shekarar farko kaɗai ake ƙirgawa, ba a tara na shekaru a kumbura lissafi. A 1990 dokar Amurka ta bi wannan sahu, ta sa hanawa daga tushe a gaba, sai sake sarrafawa, sai tacewa, zubarwa kuma a ƙarshe.

Sai dai a duk tsawon shekarun da ake raba waɗannan lambobi, kamfanin yana sarrafa sinadaran PFAS, waɗanda ya soma tun shekarun 1950, ana zuba su a Scotchgard da kumfar kashe gobara. Sinadarai ne da ba sa ruɓewa, suna taruwa a ruwa da jinin ɗan Adam. Sai a 2000 ya sanar zai daina yin nau'in PFOS. A 2018 ya amince ya biya jihar Minnesota dala miliyan 850, a 2023 kuma ya amince da biyan aƙalla dala biliyan 10.3 ga hukumomin ruwan sha na Amurka.

Ba za a ce kwamitin ya yi ƙarya ba. Hayaƙin da aka ce an hana, an hana shi. Matsalar tana cikin tsarin tantancewar. Mai neman yabo shi ke zaɓen abin da zai ɗora a sikeli, kuma ba mai kai ruɓaɓɓen tumatir saman kwando. Alƙali na ganin aiki ɗaya, sashe ɗaya, shekara ɗaya, ba ya ganin sauran abin da ke fita ta ƙofar masana'antar a matsayin haja. Guba idan ta fita ta bututun hayaƙi sunanta gurɓata, idan ta fita cikin gwangwani da tambarin farashi sunanta kayan sayarwa, kuma irin wannan tantancewa ba ta cika tambaya a kanta ba.

Sannan ga batun ma'aunin kansa. Irin waɗannan gasa sun fi son lissafin tan, domin shi ya fi sauƙin kwatantawa tsakanin masu takara. Amma nauyi ba ya nuna tsananin illa. A watan Afrilun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade cewa PFOS a ruwan sha kada ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan.