Lissafin da ba ya ƙarewa

A watan Satumba na 2021 aka rufe makarantun Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma katse layukan waya. Mu uku muka tare a zauren kawunmu a Gusau: ɗaya ɗan gida, ɗaya daga Tsafe, ɗaya daga Bungudu. Jarrabawar WAEC tana tafe, ba malami, ba intanet, sai wani tsohon littafin lissafi da bangonsa ya yage.

A cikinsa muka ga cewa 1/(1 − x) daidai yake da 1 + x + x² + x³, a yi ta tafiya ba iyaka. Tambayar ita ce a ninka wannan jeri da 1 + x. Muka tsaya cirko-cirko. Ta yaya ake ninka abin da ba shi da ƙarshe?

Ɗan Tsafe, da yake mai gaggawa ne, ya ninka na farko da na farko, na biyu da na biyu, ya sami 1 + x². Muka gwada da x = 0.1. Amsarsa ta ba da 1.01, alhali 1.1 a raba da 0.9 yana ba da 1.222. Ranar har shayinmu ya huce muna gardama.

Washegari muka gane inda gizo ke saƙa. Kowane ɓangare na 1 + x sai ya ninka kowane ɓangare na jerin, sannan a tara masu kama da juna. Ta hanya biyu ake samun x²: 1 sau x², da x sau x. Haka ma x³, haka duk na bayansa. Sai amsar ta fito: 1 + 2x + 2x² + 2x³, har abada. Muka sa 0.1, muka tara 1 da 0.2 da 0.02 da 0.002. Ga 1.222 ɗinmu! Ba sai an kai ƙarshen jerin ba, tunda kowane sabon ɓangare ya fi na gabansa ƙanƙanta.

Daɗi ya ɗebe mu, ɗan Bungudu ya ce a sa x = 2. Rabawa ta ba da −3, jerin kuwa ya kama 1, 4, 8, 16, yana ta hauhawa. Ashe dabarar tana aiki ne kawai idan x yana tsakanin −1 da 1. Littafin ya faɗi haka a ƙasan shafin, mu ne muka tsallake.