Filin Wembley da Gardamarsa

'Yan'uwana mata, duk wadda Allah ya kai London, ta leƙa Wembley. An rushe tsohon filin mai hasumiya biyu, aka buɗe sabo a 2007, amma gardamar 1966 tana nan.

A nan Ingila da Jamus ta Yamma suka yi wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Hurst ya buga, ƙwallo ta daki sandar sama, ta faɗo bakin layi. Alƙali ya tambayi mai tuta, Bahramov, ya ce ta shiga. Ingila ta ci 4 da 2. Har yau Jamusawa na cewa an cuce su. A Baku kuwa, aka sa wa babban fili sunan mai tutan.

To, in za ku raba faɗan yara, ku duba da kyau, don wanda aka kayar ba ya mantuwa.