Kafin A Ɗauki Diga, A Nemi Mabuɗi

Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. To, mu da muke koyarwa a makarantun sakandare na yankin Anka da Gummi da Bukkuyum, mun lura cewa kwaɗayi har karatu yana koya wa mutum, ya sa ya karanta abin da ba a rubuta ba. Tun da haƙar zinari ta kankama a ƙasarmu, da wuya zangon karatu ya ƙare ba a kawo mana tsohuwar takarda daga gafakar wani kaka ba. Sai ka ji ɗalibi ya ce, "Malam, don Allah a duba mana, Baba ya ce lambobin nan suna nuna inda aka binne tulun zinari."

In muka duba, yawanci ɗayan biyu muke tararwa. Ko dai hatimi ne mai gida tara, wanda duk layin da ka tara zai ba ka 15, ko kuwa ramzi ne, wato kalmar da malaman da suke ɓoye shekarar da suka gama rubutu a cikinta, domin kowane baƙi yana da adadinsa. Alal misali, a hisabin Magariba da malamanmu suka bi, shinun 1000 ne, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. In ka tara sai ka sami 1218, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, wato 1804. Amma a hisabin mutanen Gabas shinun 300 ne, don haka wanda ya ɗauko wannan mabuɗi zai sami 518, ya yi ɓatan kai na shekara 700 cif.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai, har Turawa yana damunsu. A 1885 wani mai suna James Ward ya fitar da ɗan littafi a garin Lynchburg na jihar Bajiniya ta Amurka, ana sayarwa santi 50. Littafin ya ce wai wani Thomas Beale ya binne zinari fiye da tan ɗaya da azurfa fiye da tan biyu a gundumar Bedford, kuma a 1822 ya bar wa wani mai masauki akwati ɗauke da takardu uku cike da lambobi. An warware ta biyu da takardar shelar 'yancin kan Amurka: kowace lamba tana nuni ga wata kalma a cikin shelar, sai a ɗauki harafinta na farko. Ita ce ta lissafa yawan dukiyar. Ta farko, wadda aka ce ta faɗi wurin, da ta uku, mai sunayen magada, sun gagari kowa.

Fiye da shekara 100 mutane suna jarraba littafi bayan littafi, suna sauya lamba nan, suna tsallake harafi can, har sai sun ƙago jumlar da ransu ke so, sannan su ɗauki shebur su faɗa gonakin mutane. A 1980 wani masanin kwamfuta, James Gillogly, ya gwada shelar nan a kan takarda ta farko, sai ga haruffa sun jeru kusan bisa tsarin abacada, kamar wanda ya gaji da ƙirƙira ya shiga bin haruffa a jere. Wannan ya ƙarfafa zaton masana da yawa cewa labarin ƙage ne, kuma dukiyar da ta tabbata ita ce santi 50 ɗin da masu saye suka biya.

Ga abin da muke gaya wa ɗalibanmu. Saƙon gaskiya yana da alama: mabuɗi ɗaya ne, kuma in ka miƙa shi ga wani, ya zauna shi kaɗai, zai fito da abin da ka fito da shi. In kuwa sai an yi ta gyara mabuɗin kafin ƙofa ta buɗe, to ba takarda ce ke magana ba, zuciyar mai karatu ce.

Mu a nan mun ga kuɗin karanta rabin saƙo. Dutsen da aka riƙa kawowa gida ana niƙawa a tsakar gida, kowa zinari ya gani a cikinsa, ba a ga dalmar da ke tare da shi ba. A 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Ƙannen ɗalibanmu ne, Allah Ya jiƙan su. Ita ma takardar kaka haka take: wanda ya neme ta don zinari, in bai samu ba sai ya yar da ita gara ta ci, alhali wataƙila ita kaɗai ta riƙe shekarar da aka rubuta wata waƙa a garinsu.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, aiki biyu ne a gabanmu. Mu je gun malaman zaure da suka rage mu koyi hisabin baƙaƙe, mu rubuta shi a boko domin 'yan baya. Sannan in za mu sakaya magana a waƙa ko labari, mu yi irin ta magabata, mu ajiye mabuɗin inda mai haƙuri zai same shi. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.