Saƙar Safar Hannu da Kwarashi

Idan hunturu ya kama, mu malamai mun san wahalar darasin safe. Yatsun yara su ƙage, alƙalami ya ƙi riƙuwa, rubutu ya lalace. Maganin abin kuwa ƙarami ne, watau safar hannu marar yatsu, wadda ke rufe tafi da wuyan hannu, ta bar yatsu a sake.

Da kwarashi ɗaya da ulu launi biyu a ke saƙa ta. A kan fara daga wuyan hannu a riƙa zagayawa, a bar ƙofa don babban yatsa. Wajen ado, zaren da ba a bukata sai a kwantar da shi, ɗayan ya binne shi har a zo gurbinsa. In ƙirga ɗaya ta ɓace, zanen duka ya karkace. Ashe lissafi ne!

Mutanen Fair Isle, wani ɗan tsibiri a arewacin Sikotland, da allurai su ke tasu saƙar, launi biyu kowane layi. Yariman Wales ya sa rigarsu a 1921, duniya ta san su.

To, 'yan makaranta, kada boko ya sa mu raina aikin hannu. Ba kowa ne zai sami kujerar akawu ba, amma mai sana'a ba ya kwana da yunwa.