Daren da na raba gari da manhajar sata

Shekara tara ke nan da na sayi kwamfutar da ke kan teburina a gida, 'yar gwanjo ce tun asali, kuma da ita na rubuta kundin digirina na uku. A duk tsawon lokacin nan akwai wani ɗan rubutu da ke leƙowa daga kusurwar allonta ta ƙasa, yana tuna mini cewa Windows ɗin da ke cikinta ba a biya kuɗinsa ba. Wani mai gyara ne ya ɗora mini shi a kan naira dubu biyu, ni kuwa ban tambayi inda ya samo ba, domin na san amsar. Na saba da rubutun kamar yadda mutum ke sabawa da tsagar bangon ɗakinsa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani zama da muka yi a sashenmu kan ɗalibin da ya kwashe babi guda daga aikin wani ya liƙa a nasa. Na yi dogon jawabi a kan amana da haƙƙin mai wahala. Da na koma gida GRA bayan la'asar, na buɗe kwamfuta don rubuta rahoton zaman, sai ga ɗan rubutun nan yana kallona. Rahoton satar fasaha zan rubuta da manhajar sata.

Ana cikin haka Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, wanda ya gaje shi kuwa, Windows 11, yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba. Tawa ba ta cika sharaɗin ba. Ko dai in sayi sabuwa, abin da albashin malamin jami'a ba ya yi wa dariya a wannan zamani, ko in ci gaba da zama a gidan da aka cire wa ƙofa.

Hanya ta uku ita ce Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarta a Helsinki a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro a 1983. Lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. Ba sadaka ba ce da mai ita zai janye gobe. Sharaɗi ne rubutacce. Wanda ke riƙe da wayar Android ma yana amfani da ita bai sani ba.

Wahalar tana wajen zaɓe, domin nau'o'inta sun fi rumfunan Babbar Kasuwa yawa. Zuciyata ta fara karkata ga Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004, kuma sunan nata kalma ce ta Zulu da Xhosa da ke nufin mutuntaka. Sai dai son suna ba ya ƙara wa tsohuwar na'ura ƙarfi. Na tsaya a kan Linux Mint, nau'in Xfce, wadda aka gina a kan Ubuntu ɗin amma ba ta da nauyi, kuma fuskarta ta yi kama da wadda iyalina suka saba da ita.

Na jira dare ya raba, lokacin da data ke araha, na sauko da ita, kusan gigabait uku, na ɗora a filas. Abin da ya burge ni shi ne ana iya gwada ta daga filas ɗin ba tare da an taɓa komai ba: na ga intanet na kamawa, sauti na fita, na kuma tarar da madannan Hausa na Nijeriya a cikin jerin harsuna. Ni da na shekara ina kwafo ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya daga wani tsohon fayil, wannan kaɗai ya isa ya saye ni.

Daga nan ta tambaye ni: in zauna kusa da Windows, ko in share komai? Na riga na kwashe kundina da takardun darasi zuwa wata ma'ajiya, don haka na danna sharewa da ƙarfin zuciya. Aikin bai kai rabi ba aka ɗauke wuta, batirin kuwa ya daɗe da mutuwa. Na zauna cikin duhu da kwamfutar da ba tsohuwa ba sabuwa a cikinta. Tayar da janareta ƙarfe biyu na dare a unguwa irin tamu neman magana ne, sai na haƙura har bayan asuba, na sake daga farko. Minti ashirin ta ɗauka.

Ina cikin jin daɗina uwargida ta leƙo. "Malam, ina littafin bashina?" Ashe lissafin atamfofin da take bayarwa bashi, na wata goma sha huɗu, a fuskar kwamfutar ta ajiye shi, ba a cikin jakar takardu da na kwashe ba. Ban tambaye ta ba kafin in share, don a tunanina kwamfutar tawa ce. Kwana uku muka yi muna bin saƙonnin WhatsApp ɗinta muna tsinto sunaye da adadi. Mun samo mafi yawa. Ragowar ya rage ga tsoron Allah na masu bashin, kuma biyu daga cikinsu sun zo da kansu.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. LibreOffice yana buɗe kundayen ɗalibaina, amma wani lokaci jadawali kan goce, lambar shafi ta yi tsalle, shi ya sa yanzu nake neman su haɗo da PDF. Firintata ta yi gardama yini guda kafin ta miƙa wuya. Wani abokin aikina da ba ya iya rabuwa da manhajar ƙididdigar da ya saba ya saurari labarina, ya ce Allah ya ba da sa'a, kuma ban ga laifinsa ba. A gefe guda, na'urar da ke ɗaukar tsawon shan shayi kafin ta farka yanzu tana tashi kafin in gyara zama.

Uwargida ta koma rubuta bashinta a littafin takarda mai bango ja, ta ce shi ba a share shi da dannawa ɗaya. Babbar 'yata kuwa ta karɓi filas ɗin jiya, wai ƙawarta na da tsohuwar kwamfuta a Ƙofar Ƙaura. Na ba ta, na ce kafin su taɓa komai su tambayi kowa a gidan abin da ya ajiye a ciki.