Zaman Baƙon Malami a Dingaya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba jama'a labarin zaman da na yi a Dingaya ta ƙasar Gwaram ina koyar da yara, tun daga 1979 har 1983. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, 'yan'uwa masu zuwa nan Kumasi daga Kano suna gaya mini wai samarin malamai na yanzu, in an tura ɗayansu ƙauye, sai ya yi ta kai da kawowa yana neman a mai da shi birni. To, ga labarin wanda ya bar ƙasarsa ɗungum ya zauna ƙauye, ko Allah ya sa wani ya ƙaru.

Ni haifaffen zangon Kumasi ne, a ƙasar Gana. Kakana falke ne, daga Kano ya riƙa bin ayarin goro zuwa Gwanja, har zama ya kama shi a Asante. A shekarar 1976 Gwamnatin Nijeriya ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, makarantu suka yawaita, malamai suka yi kaɗan. Mu kuwa a lokacin nan abinci da kuɗi sun yi wuya ƙwarai a ƙasarmu, saboda haka malaman Gana da yawa suka ƙetaro neman aiki, ni ma ina cikinsu. Muka bi ta Ankara, da Lome, da Kwatano, har Ikko, sa'an nan jirgin ƙasa ya kai ni Kano. Daga Kano mota ta bi da mu ta gadar Wudil zuwa Birnin Kudu, tafiyar kamar mil 80, daga nan Gwaram, sa'an nan Dingaya. A zamanin nan duk ƙasar tana cikin Jihar Kano, sai a 1991 aka yanke Jihar Jigawa.

Da na sauka, aka kai ni wurin Dagaci na yi gaisuwa, na miƙa ɗan goron da na riƙo. Ya ce, “Malam, goron ƙasarku ya riga ka zuwa garin nan, kai ma ka zo gida.” Ya sa aka ba ni ɗaki a gidan wani dattijo. Uwargidan, wadda nake ce wa Inna, ba ta taɓa barin akushina ya kwana ba tuwo ba, in kuwa na kawo zancen biya sai ta ce, “Haba ɗan nan, ana sayar wa malamin yara tuwo?”

Maganar abinci kuwa, a nan na ga abin mamaki. Mu a Gana muna da koko da ƙosai, da wake da shinkafa, da tuwon zafi, kuma har Asantawa da sunansu na Hausa suke kiransu, gama kakanninmu suka kai su can. Amma sai a Dingaya na ga tushen abin. Tuwonmu na masara ne, mai laushi. Nasu na dawa ne ko na gero, in ka ci da dare da miyar kuka wadda ta ji daddawa, da safe a yi maka ɗumame, to, kai da yunwa sai azahar. Da rana matan Fulani su shigo daga ruga da ƙoren nono, a dama fura. Ga ɗanwake, ga dambu, ga kwaɗon zogale da rama da ƙuli-ƙuli, ga kunun tsamiya da azumi. Sakwara da miyar kwakwa da na saba da su, sai na shekara ban gansu ba, ban kuwa rame ba.

Ruwan sama ma dabam yake. A Kumasi damina biyu muke yi a shekara, daji kore shar. Can kuwa damina ɗaya ce tak, kamar wata huɗu, abin da mutum ya noma cikinta shi zai ci har baɗi. Don haka in ruwa ya sauka sai aji ya ragu, yara suna gona. Na lura faɗa ba ya maganin wannan, sai na riƙa bin iyaye har gona da yamma, in kama fartanya mu yi kunya biyu uku tare, sa'an nan in roƙa a sakar mini yaron da safe. Da yawa suka yarda. Da kaka kuma sai ga damman gero da kwandon gyaɗa a ƙofar ɗakina, ban san masu ajiyewa ba. Hunturunsu kuwa, wanda bai ɗanɗana ba kada ya ce ya san sanyi.

Hausarmu ta zango ba ta cika raba namiji da mace ba, mukan ce “yarinya ya zo”. Yara suka yi ta dariya, muka ƙulla ciniki: ni in koya musu Turanci da lissafi, su su koya mini Hausar Kano. A 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka ƙarfafa yaƙi da jahilci a Jihar Kano, sai na sami ajin manya da dare, a hasken fitilar ƙwai. Ranar da wani magidanci mai furfura ya karanta takardar da ɗansa ya aiko masa daga Ikko, ba tare da ya kai wa kowa ya ji asirinsa ba, wannan farin ciki ba a saye da albashi.

Ran da babu makaranta nakan hau basukur in zaga ƙasa. Na ci kasuwar Sara, inda hatsi da dabbobi suke haɗuwa daga ƙasar Kano da ta Bauchi. Na je Birnin Kudu na ga babbar makarantar Gwamnati, inda Alhaji Aliko Ɗangote ya gama karatu a 1978. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A jikinsu akwai zanen shanu na mutanen da, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo yanzu ba. Akwai kuma waɗansu duwatsu da in ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya rubuta labarinsu a 1956, masana na duniya suka sani. Na kai yaran babban aji suka gani da idonsu, don yawancinsu ba su taɓa jin akwai wannan abu a ƙasarsu ba. Gani ya kori ji.

A farkon 1983 aka ba da umarni baƙin da ba su da takardun zama su koma ƙasashensu. Mutanenmu suka yi ta tafiya, iyayena kuma suka aiko in komo, na yi sallama. Jama'a suka raka ni har bakin hanya, Inna ta ƙulle mini kuka da daddawa a tsumma.

To, samarin malamai, ku ji daga bakin tsoho. Ƙauye ba kurkuku ba ne. Yaron Dingaya kansa ɗaya da na Kano, malami mai zama kaɗai ya rasa, kuma in kowa ya guje shi, wa zai karanta wa uwarsa takardar magani? Ku kuma iyayen ƙasa, ku riƙe baƙon malami kamar yadda aka riƙe ni, ku sa ido kan duwatsun nan kada masu fasa dutse su taɓa su. Ina gai da mutanen Dingaya, manya da yara. Waɗanda suka riga mu, Allah ya jiƙansu, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Tsohon Malami, Zangon Kumasi.